Tamojin Ƙarfe

A shagon Baba Nomau, bayan tasha,
inda rediyoyi ke kwance rigingine, hanji a waje,
akwai wani akwatin ƙarfe mai ido ɗaya.
Allura ce a cikin idon.
Ka ɗana mata waya biyu, sai ta zabura
ta faɗi ko batir na da sauran numfashi.
A gwanjon gidan waya ya saye shi,
shekarar da aka yaye uwata.

Ni ba allurar ce ta kama ni ba.
Fentin ne.
Baƙi-baƙi, toka-toka, duk ya tattare
kamar ƙanzo a gindin tukunya,
kamar taɓon gulbi in rani ya tsotse shi.
Na ce, Baba, akwatinka ya tsufa, ga tamoji.
Ya ce, Mati, da tamojinsa aka haife shi.
Waɗanda suka ƙera shi sun san hannu na gumi,
sun san ƙarfe kan fito daga wuta da tabo,
sai suka sa masa rigar da ba ta zamewa,
ba ta kashe ido,
ba ta tona asirin lotsawa.

Da yana ta rufe masa gani,
lokotoro ya ce sai haƙuri,
yatsu suka karɓi aikin.
Yakan bi kanta da lalube tun da sassafe:
wannan mai santsi roba ce, na jiya-jiya,
wannan da aka bi da ƙaramar guduma
amfilifayar masu wa'azi ce,
wannan kuwa nawa ne.
Sai ya bar tafinsa a kai
kamar mai gwada zazzaɓin jikansa.

Damina ta sato hanya ta rufin kwano.
Tsatsa ta ci kusurwa ɗaya, ta nufi ta biyu.
Ni da karambani, ran Juma'a,
yana masallaci na ɗauko samfefa,
na kankare shekaru har ƙasa,
na fesa fentin babur na jika ɗaya da rabi.
Baƙi wul, sumul,
har ina ganin haƙorana a ciki.

Ya dawo, ya laluba, ya wuce shi.
Ya juyo, ya sake wuce shi.
Ya ce, wa ya ɗauki akwatina?
Ko agogon bango ya ji kunyar bugawa.

Na bi masu fentin mota na hanyar Ɗan Isa.
Suka yi dariya: mu gyaran tamoji muke,
kai kana neman a yi maka?
Wani tsoho cikinsu, yana wanke buroshi,
ya ce, lafta da kauri,
kafin ya sha iska ka ba shi zafi.
Na gwada a rana kan murfin gwangwani,
ya dalalo kamar majina.
Na kai gidan burodin Arzika
bayan an kwashe na asuba,
sa'ad da tanderu ke hucin ƙarshe.
Na fari ya kumbura kamar ƙosai.
Na biyu ya dare.
Arzika ya ce burodinsa na warin kananzir,
in zan zo, in zo da kuɗin itace.
A na bakwai, ina leƙe da tocila,
na ga fentin ya motsa,
ya ja jikinsa a hankali
kamar fuskar madara in ta fara hucewa.

Na mai da akwatin kan kanta, ban ce uffan ba.
Yatsun suka zo.
Suka tsaya.
Ya daɗe, har mai kunu ta wuce da kiranta.
Ya ce, tamojin sun yi girma.
Na da gero ne, wannan dawa ce.

Amma bai ɗauke hannun ba.
Ya ce, miƙo batirin can,
ka karanta mini abin da allura ta ce.